Matanmu a Harkar Fim: Daga Gaban Kamara Zuwa Kujerar Darakta

Jama'a masu sauraronmu a cikin garin Wudil da kewaye, da 'yan uwa na Gaya, Garko, Warawa, Sumaila da Dawakin Kudu, da duk inda muryar nan take kaiwa, barkanmu da warhaka. Barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na faɗakarwa. Direbobi da ke kan hanya, Allah ya sauke ku lafiya. Iyayenmu mata da ke tsakar gida, sannunku da aiki.

Yau zancen mata 'yan fim za mu yi, musamman waɗanda sana'ar ta fitar da su daga gida ta kai su wasu ƙasashe. Na san da jin haka wani dattijo ya kai hannu zai murɗa akwatin rediyonsa. Baba, don girman Allah a dakata mana kaɗan. Ko ka so ko ka ƙi, fim ya riga ya shigo gidanka. Da an idar da sallar isha'i yara sun kewaye waya ɗaya suna kallon Labarina ko Daɗin Kowa, uwarsu tana leƙe tana tsintar shinkafar gobe. Abin da ya samu wurin zama haka a ɗakinka, ya kamata ka san yadda ake yin sa, da wanda yake cin ribarsa, da wanda ake ci da guminsa.

Bari mu fara da wadda kowa ya sani. Rahama Sadau an haife ta a Kaduna a 1993, ta shigo masana'antar Kannywood a 2013 ta hannun Ali Nuhu. Cikin ƙanƙanin lokaci ta zama jarumar da ake rububin sakawa a fim. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kore ta daga masana'antar, saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar mawaƙin nan ClassiQ. Mutane da yawa sun ɗauka shi ke nan, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Daga baya ta nemi afuwa, amma kafin nan ƙofar kudu ta buɗe mata. Ta fito a Sons of the Caliphate na tashar EbonyLife, ta fito a MTV Shuga, ta fito a Up North wanda aka ɗauka a Bauchi a 2018. A 2022 aka gan ta a fim ɗin Indiya mai suna Khuda Haafiz kashi na biyu, tare da jarumi Vidyut Jammwal. Yarinyar da ta taso tana kallon fina-finan Indiya har ta iya harshensu, sai ga ta a cikin fim ɗinsu. A tsakanin haka kuma ta yi karatun digiri a jami'ar Eastern Mediterranean da ke arewacin tsibirin Sayifurus.

Ban zo nan don in wanke ta ba, ban kuma zo don in yanke mata hukunci ba. Akwai abubuwan da ta yi da suka ɓata wa al'umma rai, ita kanta ta fito ta ba da haƙuri a kansu. Abin da nake so mu lura da shi dabam ne, kuma shi ne masu gulma suka fi tsallakewa. A lokacin da ake ta surutu a kanta, ta kafa kamfaninta, Sadau Pictures. A 2017 ta shirya Rariya da kuɗinta da sunanta. A 2020 ta shirya Mati a Zazzau, Yaseen Auwal ya ba da umarni, Sadiq Sani Sadiq ya ja ragamar wasan. A ganina wannan ya fi fitowarta a Indiya muhimmanci nesa ba kusa ba. A Indiya an kira ta ne, aka ba ta 'yar rawar da za ta taka, ta taka aka sallame ta. A Mati a Zazzau kuwa ita ce ta kira mutane.

Don a fahimci bambancin, ku zo mu leƙa lokeshan, wato wurin da ake ɗaukar fim. Gida ne aka ara a wata unguwa, an kashe fanka saboda kada ƙararta ta shiga na'ura, zafi kamar ya kashe mutum. Jaruma tana zaune tun hantsi da kwalliya a fuska, ga la'asar ta kawo jiki ba a zo kanta ba. Wani yaro yana tsaye hannuwansa a sama, yana riƙe da doguwar sanda mai makirfo a baki, kafaɗarsa na rawa. Wata ko wani yana riƙe da littafi yana rubuta cewa a fitowar da ta wuce ɗankwalin jarumar ja ne, kofin shayi kuma yana hannun hagu, domin idan aka dawo gobe kada a ga kofin ya koma dama. Mai kamara yana jiran haske ya daidaita. Sai darakta ya ce a fara. Jaruma ta yi kuka, hawaye na gaske. Ya ce a sake, babur ya wuce a waje. Ta sake kukan. Ya ce a sake, ta kalli kamara. Haka za a yi ta yi har sai ya gamsu. Bayan an tashi, a kai hotunan ɗakin tacewa, a can ne edita da darakta za su zaɓi wanda za a bari da wanda za a zubar. Jarumar ba ta wurin. Tana iya yin kukan da ya fi kowane kyau a rayuwarta, a yanke shi a jefar, ba wanda zai tambaye ta.

To a duk wannan taron, mutum uku ne ke da iko. Marubucin da ya tsara labarin, daraktan da ya ce ga yadda za a nuna shi, da furodusan da ya zuba kuɗi kuma fim ɗin yake mallakinsa. Mu mutanen Wudil ba ma bukatar dogon bayani a nan. Duk wanda ya taɓa shiga Kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a ya san yaron da ke riƙe da igiyar bijimi shi kowa ke gani, shi ke shan ƙura da rana, amma in an yi ciniki aka ce an sallama, kuɗin aljihun wani yake shiga. Jaruma da ba ta mallaki komai ba, igiya kawai take riƙe da ita.

Idan kuna ganin na cika baki, ku saurari labarin Zalika Souley ta Jamhuriyar Nijar. An haife ta a Yamai a 1947. Tana 'yar budurwa ta fara fitowa a fim a 1966, a hannun Moustapha Alassane, a zamanin da ko a mafarki ba a san za a yi wani abu wai shi Kannywood ba, domin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa sai a 1990 ya fito. Ana lissafa ta cikin mata na farko da suka riƙi fim sana'a a Afirka ta kudu da Sahara. Ta yi aiki da Oumarou Ganda, ta fito a fim ɗinsa Le Wazzou polygame, wanda a 1972 ya zama na farko da ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO da ake yi a Wagadugu. Sunanta ya kewaya, ta halarci bukukuwa a ƙasashen duniya tana wakiltar Nijar. A gida kuwa, saboda yawanci rawar muguwar mace ko mara kamun kai ake ba ta, mutane suka kasa raba ta da rawar da take takawa, ta sha zagi da tsangwama.

Oumarou Ganda ya rasu a 1981, harkar fim a Nijar ta yi ta ja da baya har ta durƙushe. Zalika ba ta da fim ko ɗaya da yake nata. Da aka daina kiranta, komai ya tsaya. Lokacin da wata 'yar ƙasarta, Rahmatou Keïta, ta je ɗaukar tarihinta a fim ɗin Al'lèèssi wanda ya fito a 2004, ta same ta a wani ɗan ƙaramin gida a Yamai tare da 'ya'yanta, ba ruwan famfo, tana fama da abin da za a ci. Daga baya ta tafi ƙasar waje tana aikatau a gidajen mutane. Ta rasu a 2021, Allah ya jiƙanta da rahama. Duk lokacin da na tuna wannan baiwar Allah sai zuciyata ta sosu, domin ba lalaci ne ya kai ta ga haka ba. Ta yi aiki, ta iya aikin, ƙasarta ta yi alfahari da ita. Kuma ba sai mun je Nijar ba. Sau nawa muka ji ana neman taimako a Facebook don a biya wa wata tsohuwar jarumar Kannywood kuɗin asibiti ko kuɗin haya, matar da a da hotonta ke manne a bayan kowace motar haya?

Ku lura kuma da wadda ta ceto sunan Zalika daga mantuwa. Mace ce, amma mace mai riƙe da kamara. Ita Rahmatou Keïta ɗin ce ta ba da umarnin Zin'naariyâ! a 2016, fim ɗin da Nijar ta aika gasar Oscar.

Yanzu mu gangara Damagaram, inda zancen ya fi kusa da mu. Aïcha Macky haifaffiyar Zinder ce, wato Damagaram ɗin, a 1982. Ta karanci ilimin zamantakewar al'umma a jami'a, sannan ta koyi shirya fim na gaskiya, wato wanda ba wasa ake yi a ciki ba, mutane ne na zahiri suke faɗin rayuwarsu. A 2016 ta fitar da L'arbre sans fruit, a kan matan da Allah bai ba haihuwa ba. Ita kanta tana cikin wannan jarrabawar, kuma ba ta ɓoye ba. Ta zauna da mata irinta, suka buɗe mata ciki suka faɗi abin da suke gani daga dangin miji da kishiyoyi da maƙwabta, da yadda ake ɗora wa mace laifi tun kafin a gwada mijin. Ina tambayar iyayenmu mata da ke saurare: wane namiji ne, komai ƙwarewarsa, za a bari ya shiga har ƙuryar ɗaki ya ji wannan magana? Fim ɗin ya ci kyautar AMAA ta nahiyar Afirka a rukuninsa. A 2021 ta sake fitar da wani mai suna Zinder, ta shiga unguwar Kara-Kara, wadda a da can aka ware wa kutare, ta zauna da samarin da gari ke tsoro, 'yan ƙungiyoyin da ake kira fale, masu ɗaga ƙarfe da fasa-ƙwaurin man fetur. Da Hausa suke magana, irin Hausar da ni da kai muke ji ba tafinta. An nuna fim ɗin a manyan bukukuwan fina-finai na Turai, ciki har da na Visions du Réel a ƙasar Suwizalan. Ba ta yi rawa ba, ba ta yi waƙa ba, lulluɓinta na kanta, kuma duniya ta zauna ta saurare ta.

Wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai yake faruwa ba. Akwai Hiam Abbass, Bafalasɗiniya mai takardar zama 'yar ƙasar Isra'ila, an haife ta a Nazarat a 1960 ta tashi a wani ƙauye a yankin Galili. Ta koma Faransa da zama, ta fito a Munich na Steven Spielberg a 2005, ta fito a Lemon Tree a 2008 a matsayin bazawarar da ke kare gonar lemonta a gaban kotu, daga baya Amurkawa suka san ta sosai a shirin talabijin na Succession. Duk da wannan ɗaukaka, a 2012 sai ta koma bayan kamara ta ba da umarnin fim ɗinta, Inheritance, labarin wani iyali na Falasɗinawa a Galili. Ta yi shekaru tana taka rawar da wasu suka rubuta wa Balarabiya, rana ɗaya ta ga ya kamata ita ma ta faɗi yadda ta san mutanenta.

Akwai wani kuskure da matasanmu ke yi, suna ganin sai an bar Hausa an kama Turanci kafin a yi suna a waje. Abin da ya faru a zahiri ya ƙaryata haka. Genevieve Nnaji, fitacciyar jarumar kudu, ta ba da umarnin Lionheart a 2018, har Sani Mu'azu da Yakubu Muhammad suka fito a ciki. Najeriya ta aika shi gasar Oscar, a 2019 aka cire shi daga takara, dalili kuwa shi ne Turanci ya yi yawa a cikinsa, alhali ƙa'idar rukunin fina-finan ƙasashen waje ita ce mafi yawan maganar ta kasance da wani harshe ba Turanci ba. Shekarar da ta biyo baya me Najeriya ta aika? The Milkmaid, fim ɗin da aka ɗauka a Taraba, akasarinsa da Hausa, wanda 'yar Kano Maryam Booth ta ci kyautar AMAA da shi a 2020. A 2024 kuma aka aika Mai Martaba, shi ma da Hausa, an ɗauke shi a Daura. Ashe harshen da muke rainawa shi ne ya cika sharaɗin.

Sai dai a duba waɗanda suka ba da umarnin waɗannan fina-finai biyu na Hausa: duka maza ne. A Kannywood gaba ɗaya jarumai mata sun yi yawa, furodusoshi mata akwai su daidai gwargwado, amma mata daraktoci da masu ɗaukar hoto da editoci tsiraru ne ƙwarai. Masana'antar da mata suka fi kowa kallonta, labaranta kuma kusan duk a kan aure da kishi da saki da zaman gidan miji suke, amma da wuya ka ga mace ce ta ce ga yadda za a nuna. Shi ya sa kishiya a fim kullum da ƙullin magani a hannu, uwar miji kullum azzaluma, 'yar boko kullum mara kunya. Iyayenmu mata sun san rayuwa ta fi haka faɗi.

Kuma muna da abin koyi a gida. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya. Da karatun manya ta farfaɗo, ta zama marubuciya. Littafinta Alhaki Kwikwiyo Ne ya fito a 1990, aka mayar da shi fim, sannan a 2012 wani kamfanin ɗab'i a ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Turanci wadda Aliyu Kamal ya yi. Ita ce ta rubuta kuma ta shirya Juyin Sarauta. Ba fuskarta ce ta kai sunanta Indiya ba, alƙalaminta ne, kuma ba wanda ya taɓa cewa ta zubar da mutuncin gidansu.

Na san abin da ke ran iyaye, kuma ba na raina shi. Tsoron tarbiyya gaskiya ne. Akwai ɓata-gari a harkar nan masu yaudarar 'yan mata da alkawarin za a saka su a fim, su karɓe musu kuɗi, wani lokaci abin ya wuce kuɗi. Akwai yarinyar da za ta gudo daga garinsu ba da sanin kowa ba, ta sauka a Kano ba ta san inda za ta kwana ba. Wannan ba mai hankalin da zai goyi bayansa. Tun 2001 jihar Kano take da Hukumar Tace Fina-finai, ƙungiyoyin 'yan fim ma suna da ƙa'idojinsu na rajista, kuma duk wanda ya ce zai shigar da 'yarka ta bayan fage, maƙaryaci ne. Amma hanin da ba bayani a cikinsa bai hana kowa ba, sai dai ya sa a tafi a ɓoye. Yarinyar da mahaifinta ya san inda take, ya san wanda take aiki a ƙarƙashinsa, yayanta ya raka ta aka yi magana a gabansa, ba a cika yi mata wasa ba.

Ga ƙannena mata da ke da sha'awar wannan harka, musamman ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan garin, da 'yan sakandare, ku saurare ni da kyau. Kada ki ajiye karatu saboda wani ya ce kina da kyan fuska. Kyan fuska kowace shekara sabo yake shigowa masana'anta. Ki koyi abin da ba a ƙwace shi: rubutun labari, ɗaukar hoto, sarrafa sauti, tace fim a kwamfuta, lissafin kasafin kuɗin aiki. Wadda take karanta kimiyyar kwamfuta ta riga ta yi rabin tafiya a fannin tacewa. Akwai kuma makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, hukumar da aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a farkon 2024. Idan kuma har kin shiga, kada ki yi aiki da baki kawai. A rubuta yarjejeniya: nawa za a biya, yaushe za a biya, fitowa nawa ce, kuma idan aka ɗora fim ɗin a YouTube yana kawo kuɗi shekara da shekaru, kina da kaso ko babu. Ki sa hannu a gaban shaida, ki riƙe kwafinki. Kunyar tambayar haƙƙi ita ta jefa da yawa cikin halin da suke ciki yau.

Labari kuwa ba sai kin je nema ba. Matan da ke dama fura da sayar da nono a bakin Kara tun asuba, wa ya taɓa zama ya ji yadda suke ciyar da gida? Matan masunta da ke bakin kogi, yaya suke kwana idan ruwa ya cika damina ta yi ƙarfi, ko ranar da aka ce kwalekwale ya kife? Tsofaffin da suka ga yadda garin nan yake kafin jami'a da makarantar horar da 'yan sanda su zo, suna nan da ransu, kuma kullum raguwa suke yi. Wayar da ke hannunki ta isa ki fara. Ki nemi izinin iyayenki, ki nemi izinin wadda za ki ɗauka, ki zauna ki saurare ta da ladabi, ki haɗa minti biyar mai ma'ana ki nuna wa malaminki ya gyara miki.

Ku kuma iyaye da malamai da masu hannu da shuni na Wudil, roƙona gare ku shi ne idan kuka ga yarinya mai wannan basira, kada a kashe mata gwiwa da zagi. A zaunar da ita, a ji me take so ta yi, a haɗa ta da mutanen kirki, wanda Allah ya hore wa ya saya mata kwamfuta ko ya biya mata kuɗin koyo. Malaman makarantun mata, ku buɗe ƙungiyar rubutu da ɗaukar hoto ko da sau ɗaya ne a mako.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Wanda yake da tambaya ko ƙorafi ko gyara, ƙofarmu a buɗe take, ya aiko mana za mu karanta a shiri na gaba, har da na waɗanda ba su yarda da ni ba. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.